Ranar Da Sunana Ya Faɗo A Sauran Batutuwa

Masu bibiyata, ku matso kusa, yau zan fitar da abin da na yi makonni ina jin nauyin rubutawa. Da yawa cikinku kun turo min saƙo kuna cewa in daina wahalar da bawan Allahn nan Mai Magani, wasu kuma kun ce in sallame shi kowa ya huta. Duk na karanta, ban dai amsa ba ne saboda ni kaina ban san amsar ba.

Saboda waɗanda yau suka fara karanta ni: ni malamar kimiyya ce a wata makaranta mai zaman kanta, shekaruna ashirin da bakwai. Ina zaune da Umma da Gwaggo, yayar marigayi Abbanmu, a gida mai ɗaki uku da ɗan tsakar gida inda igiyar shanya ba ta taɓa hutawa. Mai Magani kuwa mutum ne mai kantin magani a bakin babban titi, wata takwas ke nan da ya je wajen Kawuna ya ce yana sona da aure. Kawu ya ce zaɓi nawa ne. Ni kuma na ce zan yi tunani, na yi ta tunani har wata takwas.

Ba wai yana da wani aibu ba ne. Dogo ne, mai tsabta, kullum rigarsa a goge, ba ya ɗaga murya. Matsalar ita ce mutumin nan komai nasa a jere yake kamar kwalaben kantinsa. Ko saƙon waya ne sai ya sa masa lamba. Ga wanda ya turo min a safiyar ranar da zan ba ku labari:

"1. Ina kwana. 2. Ya jikin Umma? 3. Kada ki manta da littafin taro, yau ƙarfe goma ne."

Ku gaya min, tsakani da Allah, wace budurwa ce za ta karanta wannan zuciyarta ta buga? A wayata ma ba sunansa na sa ba, "Malam Ƙa'ida" na rubuta.

Ina tsaye gaban madubi ina daidaita mayafi a kan doguwar rigata ruwan toka, Gwaggo ta leƙo da kofin shayi a hannu.

"Shi ne?"

"Shi ne, Gwaggo."

"To me kika ce masa?"

"Ai gaisuwa ce kawai."

Ta ja tsaki ta juya wajen Umma da ke ninke kaya a falo. "Kin ji ko? Gaisuwa ce kawai. Wata takwas ana gaisuwa. Ni a zamanina da an yi wata biyu ana gaishe ki, an san inda aka dosa."

Umma ba ta cika magana ba, amma idan ta yi sai ta zauna maka a ƙirji. Ta ce, "Ba na matsa miki, 'yata. Amma riƙe mutum a tsaye ba kyau. Ko ki ce masa ya shigo, ko ki ce masa ya wuce."

Na sumbaci goshinta na zari jakata na fice kafin Gwaggo ta ƙara wani abu.

Ranar Asabar ce, ranar zaman kwamitin gudanarwa na makarantarmu. Mutum tara ne a kwamitin, su ke da ta cewa a kan ɗaukar malami da sallamarsa. Ni ba mamba ba ce. Sakatariyar kwamitin ce ta tafi hutun haihuwa, Shugabar makaranta ta ce tun da rubutuna yana karantuwa in riƙe mata littafin. Aikina in buga ajanda, in aika wa kowa kwana bakwai kafin zama, in zauna a ƙarshen tebur in rubuta abin da aka ce. Ba ni da baki, ba ni da ƙuri'a. Mai Magani kuwa mamba ne, iyaye ne suka zaɓe shi wakilinsu, don shi ke riƙon 'yar yayansa da ya rasu, tana aji huɗu.

A ɗakin karatu ake zaman, a haɗa tebura biyu a shimfiɗa musu koren ƙyalle. Na jera robobin ruwa da farantin biskit, na kunna fankar nan da ke kuka kamar za ta faɗo. Mutum bakwai suka zo. Ciyaman, tsohon manajan kamfani ne mai yawan duba agogo, ya tambaye ni ko an cika adadin da zama ke halatta da shi. Na ce biyar ake bukata, bakwai sun zo. Ya ce to bisimilla.

Komai ya tafi yadda aka saba. Na karanta bayanan zaman baya, aka amince, Ciyaman ya sa hannu. Aka yi maganar rufin aji uku da ke yoyo, aka yi maganar lokacin tashi. Mai Magani ya ɗaga hannu sau biyu yana gyara ranar wata, na ce a raina, "Malam Ƙa'ida an fara." Har muka iso layi na ƙarshe a ajandar da ni na buga da hannuna: Sauran Batutuwa. Na fara rufe murfin biro ke nan, sai Ciyaman ya gyara murya.

"Akwai wata 'yar magana, ba za ta ɗau lokaci ba. Alhaji, bisimilla."

Alhajin da ya kira shi ne wanda muke ce wa Mai Motoci. Shi ya ba makaranta motar ɗaukar ɗalibai, kuma 'yarsa tana ajina. Ya jingina da kujera, bai ko kalli inda nake ba.

"Wata malama a makarantar nan ta mari 'yata a ɗakin jarrabawa, ta fizge mata ɗankwali a gaban 'yan ajinsu, sannan ta ba ta sifili. Yarinya ta kwana biyu ba ta cin abinci. Malamar ga ta nan zaune tana rubutu. Ina kawo shawarar a sallame ta yau."

Wallahi sai da na rubuta "wata malama" a littafin kafin na gane ni ake nufi. Biron ya zame ya ja layi a tsakiyar shafi. Abin da ya faru na sani sarai. Ranar Talata na ga yarinyar tana zaro takarda daga cikin safarta, na karɓa a hankali, na haɗa da takardar amsarta na kai ofis. Ko yatsa ban ɗora mata ba. Na buɗe baki zan yi magana, Ciyaman ya ɗaga min tafin hannu.

"Malama, ke rubutu ne naki a nan."

Na kalli Shugabar makaranta, ita da na kai wa takardar da hannuna. Ta sunkuyar da kai tana juya zoben yatsanta. Ban ga laifinta sosai ba, motar ɗalibai ba ƙaramin abu ba ce. Amma a lokacin ji na yi kamar an zare min kujera.

"Akwai mai mara wa shawarar baya?" in ji Ciyaman, idonsa a kan agogo. Wakilin unguwa ya ɗaga hannu a kasalance. "To, mu kaɗa ƙuri'a mu tashi."

Na tuna Umma da maganin hawan jininta, na tuna shekara huɗu da na yi a makarantar nan. Wanda aka kora saboda dukan yaro, wace makaranta ce za ta sake ɗaukarsa? Hawaye suka cika min ido har na daina ganin layukan littafin.

"Ranka ya daɗe, ina da magana a kan ƙa'idar zama."

Muryar nan ce da ba ta hawa ba ta sauka. Mai Magani ya zaro ɗan littafin ƙa'idoji mai shuɗin bango daga aljihun rigarsa, wanda duk gefensa ya lanƙwashe saboda buɗawa. Kowa an ba shi irinsa ranar da ya shiga kwamiti, ina jin shi kaɗai ya taɓa karantawa.

Ciyaman ya yi ajiyar zuciya. "Malam, rana ta yi."

"Ba zan daɗe ba. Sashe na sha ɗaya ya ce ba a yanke hukunci a kan aikin ma'aikaci a ƙarƙashin sauran batutuwa. Sai an sa maganar a ajanda, an sanar da mambobi kwana bakwai kafin zama. Sashe na sha biyu ya ce sai an ba wanda ake ƙara takardar ƙorafin a rubuce, an kuma saurare shi. Malama ba ta ga takarda ba, yanzu ma an hana ta magana. Sannan ba daidai ba ne a sa mutum ya rubuta hukuncin kansa da hannunsa."

Tsohuwar Nas, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga asibiti, ta gyara tabarau ta miƙa hannu. "Ba ni in gani, ɗana." Ta karanta a hankali tana bin layi da yatsa. "Haka aka rubuta."

"Akwai saura," in ji shi. "Sashe na takwas. Duk mamban da ke da ruwa da tsaki a magana zai bayyana, ya fita kafin a tattauna, ba kuma zai yi ƙuri'a ba. Alhaji uban yarinya ne. Yana da damar kawo ƙorafi kamar kowane uba, amma ba zai zauna a cikin masu hukunci ba."

Mai Motoci ya miƙe zaune, fuskarsa ta haɗe. Sai kuma ya yi wata dariya mara daɗi.

"Ruwa da tsaki? Madalla. To kai fa? Ka ɗauka ba mu san gidan da motarka ke tsayawa duk yammacin Juma'a ba?"

'Yan uwa, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Malamin lissafi, wakilinmu na malamai, ya zaro ido yana kallona. Na jira in ji Mai Magani ya kauce, ya ce zumunci ne ko ya ce Umma yake kai wa magani. Sai ya rufe ɗan littafinsa ya ajiye a tebur.

"Gaskiya ka faɗa, Alhaji, kuma da ma ita ce maganata ta gaba. Ina roƙon a shigar a littafi cewa na nemi auren Malama wajen iyayenta wata takwas da suka wuce, har yau ba ta ba ni amsa ba. Saboda haka ni ma ina da ruwa da tsaki. Ranar da za a saurari maganar nan, ni da kai tare za mu fita."

Tsohuwar Nas ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ciyaman ya dube ni ya ce, "To, Malama, rubuta." Haka na sunkuya, kunnuwana kamar an hura musu wuta, na rubuta da hannuna cewa wani mamba ya bayyana yana neman auren mai riƙon littafi kuma ba ta ba shi amsa ba. Littafin yana nan a kabad ɗin makaranta, duk wanda ya zo bayanmu zai karanta.

Aka ɗage maganar zuwa Asabar ta sama. Aka ce Alhaji ya kawo ƙorafinsa a rubuce kafin a tashi aiki ranar, a ba ni kwafi, malamin lissafi kuma ya karɓi littafin taro daga hannuna.

Na same shi a baranda yana neman makullin mota. Maimakon godiya, kun san abin da ya fito daga bakina?

"Don me za ka fita? Kai kaɗai ka tsaya min, sannan ranar da nake bukatar ƙuri'arka ka ce za ka fita?"

Ya juyo ya ce, "Idan na zauna na ɗaga miki hannu kika tsira, har ki bar makarantar nan za a riƙa cewa saurayinta ne ya cece ta. Ni na yarda ba ki mari yarinyar nan ba. Ina so su ma su gano haka da kansu."

"Idan ba su gano ba fa?"

"Akwai ɗaukaka ƙara, sashe na sha biyar." Ya ga yadda na harare shi, ya sauke murya. "Ki yi haƙuri da abin da na faɗa a ciki. Na san na ba ki kunya. Ban ga wata hanyar da ba ƙarya a cikinta ba. Kuma daga yau har a gama ba zan kira ki ba, ba zan turo saƙo ba, kada a ce mun haɗa baki."

Na juya na tafi ko sallama ban yi masa ba. Allah Ya yafe min.

A gida na faɗa jikin Umma na yi kukan da na riƙe. Gwaggo ta saurari labarin tun daga farko, da na zo wajen da ya ce a shigar a littafi sai ta tafa hannu ta ce, "A gaban mutane? Ya faɗa da bakinsa? Kai, wannan ɗa an haife shi!" Umma ta ce ta bari yarinya ta huta. Ita kuwa sai ta ɗauko min tsohon fayil ɗin Abba ta ce in zauna in rubuta duk abin da ya faru ranar Talata, da lokaci, da waɗanda ke wurin, tun kafin in fara mantawa.

Makon nan ya yi min tsawo. Ina shiga aji ina koyarwa, yarinyar na zaune a layi na biyu ba ta ɗaga kai. A ɗakin malamai da na shigo sai hira ta mutu. Ga kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku: kullum da safe ina idar da salla sai in jawo waya. Ba komai. Babu ɗaya, babu biyu, babu uku. Ranar Laraba na kama kaina ina karanta tsofaffin saƙonninsa tun daga na farko. A nan na lura da abin da wata takwas ban gani ba. Bai taɓa tsallake tambayar jikin Umma ba. Ranar da na ce masa ina mura, abu na biyu a saƙon washegari shi ne ko na samu barci. Ranar da Abba ya cika shekara uku da rasuwa, saƙonsa layi ɗaya ne ba lamba: "Ina tuna ku yau." Ni kuwa duk amsoshina "Lafiya lau" ne da "To."

Asabar ta zo. Na sa baƙar doguwar riga da farin mayafi, Umma ta riƙe kaina ta yi min addu'a, Gwaggo ta ce in kalli kowa ido cikin ido. Mutum takwas suka zo wannan karon. Da aka iso kan maganata, malamin lissafi ya karanta sashe na takwas. Mai Magani ya miƙe ba tare da ya kalle ni ba. Mai Motoci shi ma ya miƙe yana gyara hula. Suka fita, saura shida. Ta taga ina hango su a kan dogon bencin ɗalibai, ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan.

Aka karanta ƙorafin, aka ba ni dama. Na faɗi abin da ya faru kamar yadda na rubuta. Ciyaman ya tambayi Shugabar makaranta ko takardar da aka kama tana nan. Ta buɗe jakarta ta fito da ita, ta ce, "Tana nan, rubutun yarinyar ne. Kuma ya kamata in faɗi haka tun makon jiya." Ta juyo ta kalle ni, na gyaɗa mata kai.

Sai maganar marin. Ƙa'ida ta ce idan za a ji ta bakin ɗalibi, ba a tsayar da shi gaban kwamiti, mamba ɗaya ne zai zauna da shi tare da wani nasa. Tsohuwar Nas ta tafi ofis inda yarinyar ke jira da mahaifiyarta. Muka zauna kusan rabin awa, ba mai taɓa biskit. Da ta dawo ta cire tabarau ta goge idonta.

"Ba a mare ta ba," ta ce. "Ta faɗa da bakinta a gaban uwarta. Babanta ya gaya wa abokansa 'yarsa likita za ta zama, ita kuma kimiyya ba ta shiga kanta. Da ta ga sifili tsoro ya kama ta, ta faɗi abin da zai juya fushinsa ga wani. Yarinya ce, ta yi kuka har ta ba ni tausayi."

Aka ce in fita a yi ƙuri'a. Kafin in tashi na roƙi alfarma ɗaya, na ce kada a kori yarinyar, a bar ta ta sake jarrabawar, ni zan zauna da ita bayan tashi. Ba don ni waliyyiya ba ce, na dai san yadda tsoro yake, a makon nan na ɗanɗana shi.

Minti goma aka kira mu duka. Malamin lissafi ya karanta: mutum biyar sun wanke ni, ɗaya ya ƙaurace. Mai Motoci ya saurari bayanin Tsohuwar Nas, kafaɗunsa suka sauka. Bai ba ni haƙuri ba, kada in yi muku ƙarya. Ya dai tsaya a gabana ya ce, "Da gaske za ki koya mata?" Na ce da gaske. Ya gyaɗa kai ya fita. Da yamma matarsa ta kira ni, ita ta ba da haƙurin mutum biyu.

Na gode wa Tsohuwar Nas har na durƙusa, ta ɗago ni ta ce, "Ba ni za ki gode wa ba. Da an kaɗa ƙuri'ar nan makon jiya, ni ma da na ɗaga hannu, don ban san komai ba sai abin da uban ya faɗa." Na leƙa baranda ina neman wanda take nufi, motarsa ba ta nan.

Na dawo gida da murna, Gwaggo har da rawa a tsakar gida. Na jira saƙonsa ranar, shiru. Lahadi ma shiru. Na tura masa godiya mai tsawo, na goge na sake rubutawa sau huɗu kafin in tura. Ya amsa da, "Alhamdu lillahi. Gaskiyarki ce ta fitar da ke." Shi ke nan.

Ranar Litinin an ba mu hutun rabin zango, ina wanke-wanke da hantsi sai ga Kawu ya yi sallama. Ya zauna a falo ya ƙi shan ruwan da na kawo, ya ce in zauna.

"Mutumin nan ya zo wurina jiya," ya ce. "Ya ce ya janye maganarsa."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ya janye? Me muka yi masa?"

"Ba abin da aka yi masa. Cewa ya yi wata takwas ba ta amsa ba, ya fahimci amsar. Yanzu kuma idan ta ce ta yarda, ba zai taɓa sanin ko shi take so ko nauyinsa take ji ba. Ya ce ba ya son a aure shi don godiya." Kawu ya dube ni. "Ni na ce masa zan isar. Ke me kika ce?"

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, hannuna duk kumfar sabulu. Na tambayi kaina tambayar da ya yi, don tambaya ce ta gaskiya. Godiya ce? Ina gode wa Tsohuwar Nas, ina gode wa malamin lissafi, har Shugabar makaranta ina gode mata. Amma ba ɗayansu da na ji idan ya daina zuwa gidanmu zan rasa inda zan sa kaina kamar yadda na rasa yanzu.

Na ɗauraye hannu, na zari mayafin da ya fi kusa, ashe ma na Umma ne. Gwaggo ta biyo ni tana tambayar ina za ni, Umma ta riƙo hannunta ta ce, "Bar ta."

Kantin a cike yake. Na bi layi kamar kowa, bayan wani dattijo mai sanda. Yana can bayan kanta da farar rigar aiki, yana ƙirga ƙwayoyi a ɗan faranti. Da ya ɗago ya gan ni sai hannunsa ya tsaya.

"Malama. Jikin Umma ne?"

"Umma lafiyarta ƙalau. Kawu ya zo."

Ya sunkuyar da kai. "Na ga kamar hakan zai fi miki sauƙi."

"Wa ya ce maka sauƙi nake nema? Godiya na riga na tura maka a waya, ka amsa, an gama da ita. Wannan da ta sa na fito da mayafin Umma da silifas ɗin wanka ba godiya ba ce. Ka koma wajen Kawu."

Ya koma kan farantinsa ya fara ƙirga daga farko, ya kai bakwai ya ɓace, ya sake farawa. Dattijon ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ɗana, shekara shida nake sayen magani a nan ban taɓa ganin ka ɓata ƙirga ba. Ba ni ƙwayoyina in tafi, ka amsa wa yarinyar mutane."

Duk kantin aka sa dariya. Ya sallami dattijon da sauran mutum ukun da ke bayana. Sannan ya cire farar rigar ya rataye, ya kashe fitila, ya jawo ƙofar ƙarfe ya sa kwaɗo, da rana tsaka, ranar Litinin. Mai shagon kusa ya leƙo yana tambaya ko rasuwa aka yi.

"Kin tabbata?" ya ce da ni, makullin na hannunsa.

"Na tabbata."

"Kawu yana gidanku har yanzu?"

Kafin in amsa wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce, muryarta har waje ana ji.

"Ki gaya masa Kawunku ya ce maganar da aka janye ba a mayar da ita a tsaye. Ya zo ya zauna, ni ce zan yi masa tambayoyi!"

Na kalle shi. Mutumin da ya tsaya gaban Ciyaman da Mai Motoci ko gezau bai yi ba, sai ga shi yana share gumi da bayan hannu. Ya buɗe min ƙofar mota, ya ce a hankali, "Gwaggon nan taki, tana da zafi sosai?"

Na ce, "Shiga mu je ka gani."